Na Koma Daidai Wurin, Ashe Wurin Ya Tashi

Fire Island siririn tsibiri ne mai tsawon kusan kilomita 50, kwance a kudancin Long Island, a jihar Niyok ta Amurka. A wurare da dama faɗinsa bai kai rabin kilomita ba. Idan ka hau tudu, Tekun Atilantika na gabanka, ka waiwaya kuma ka ga ruwan Great South Bay a bayanka. Babu wani dutse da ya tokare shi. Yashi ne tsantsa, kuma shi ke karɓar dukan teku kafin dukan ya isa garuruwan da ke bayansa. Mai karatu da ya san Legas ya san irin wannan gaɓa: zirin yashi tsakanin teku da tafki.

Irin waɗannan tsibirai ba sa zama wuri ɗaya. A Fire Island raƙuman ruwa suna jan yashi daga gabas, daga wajen gangaren Montauk, suna kai shi yamma. Lokacin da aka gina hasumiyar farko ta haska wa jiragen ruwa hanya a 1826, a bakin ƙarshen tsibirin aka kafa ta. An maye gurbinta da wata a 1858, dab da inda ta farko take. Yau mai son ganin ƙarshen tsibirin sai ya bar hasumiyar ya yi tafiyar kilomitoci zuwa yamma, domin yashi ya yi ta taruwa har ƙasa ta ƙaru. Duk wannan na san shi tun a aji. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki. Ina faɗin haka tun yanzu don kada wani ya ba ni uzurin rashin sani.

A 2012 ina karatun digiri na biyu a fannin ilimin ƙasa da duwatsu, aikin da aka ba ni kuma shi ne auna girman ƙwayar yashi a tsakiyar tsibirin. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wasan yara ne, alhali girman ƙwaya shi ke faɗin abubuwa da yawa game da gaɓa. Yashi mai kauri yana yin gaɓa mai tsayayyen gangare, ruwa na nutsewa cikinsa da sauri. Rairayi mai laushi kuwa gaɓarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma shi ne iska da ruwa suka fi saurin kwashewa. A ma'aunin Wentworth na 1922, duk ƙwayar da ke tsakanin milimita 0.0625 da milimita 2 yashi ce. Daga 0.125 zuwa 0.25 mai laushi, daga 0.25 zuwa 0.5 matsakaici, daga 0.5 zuwa 1 mai kauri. Yawancin na Fire Island matsakaici ne.

Aikin ɗakin gwaji bai da nisa da tankaɗen gari a tsakar gida, sai dai rariyar ba ɗaya ba ce. Za ka wanke samfurin da ruwa mai daɗi don gishiri ya fita, in ba haka ba ƙwayoyin su manne da juna su yi maka ƙaryar girma. Ka busar a tanda. In akwai ɓaraguzan katantanwa, ka narkar da su da asid. Sannan ka zuba a jerin rariyoyin tagulla da aka ɗora kan juna, mai manyan idanu a sama, mai ƙanana a ƙasa, ka ɗaure su a injin girgiza na kimanin minti 15. Abin da ya tsaya a kowace rariya ka auna shi a sikeli, ka lissafa matsakaici da dabarar da Folk da Ward suka fitar a 1957. A wannan ɓangaren ba ni da abin zargi. Ina goge kowace rariya da buroshi ƙwaya-ƙwaya, ina maimaita awo in jimilla ta ɗan karkace. Har yabona ake yi a kan tsafta, kuma yabon ya shiga kaina.

Da bazarar wannan shekara na shata layuka daga bayan tudun rairayi zuwa bakin ruwa. A kowane layi na zaɓi wurare uku. Na farko gindin tudu, inda ciyawa ta ƙare. Na biyu doron gaɓa, wato shimfiɗaɗɗen busasshen filin nan da masu hutu ke kafa lema. Na uku gangaren da ruwa ke hawa yana sauka. Kowane wuri na ɗauki lambarsa da na'urar GPS mai kyau, na adana, na rubuta wa jakunkunan suna: tudu, doro, gangare. Sakamakon ya fito yadda littafi ya ce zai fito. Na tudu ya fi laushi, tunda iska ce ta tara shi, ita kuwa ba ta iya ɗaukar manyan ƙwayoyi. Na gangare ya fi kauri, tunda nan ruwa ke wanke ƙanana ya bar manya. Na doro yana tsakani. Na sa takardun a fayil, ina ganin aiki ne mara armashi da babu wanda zai waiwaya.

Sai ga guguwar Sandy a ranar 29 ga Oktoba. Ta zo daidai da cikar wata, lokacin da teku ke cikowa fiye da kullum, kuma na'urorin da ke shawagi a tekun kudancin Long Island sun auna raƙuman ruwa da suka haura mita 9. An ba mutanen tsibirin umarnin ficewa tun kafin ta iso. Ruwa ya haye tuddai ya kwarara ta cikin unguwanni zuwa ɗaya gefen, ya kuma tsaga tsibirin gida biyu a yankin da ake kira Old Inlet, ya buɗe wa teku sabuwar hanya zuwa tafkin baya. Daga baya hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta ƙiyasta cewa gaɓa da tuddan tsibirin sun rasa fiye da rabin yashin da suke da shi kafin guguwar. Mako guda da 'yan kwanaki bayan haka, a ranar 7 ga Nuwamba, wata iska mai dusar ƙanƙara ta sake dukan gaɓar.

Mutane sun rasa gidaje, wasu a yankin sun rasa rayuka. Ni kuma, in faɗi gaskiya, a ƙarƙashin tausayin da na ji akwai wani abu dabam da ke motsi a raina. Ina riƙe da abin da mai bincike ke fatan samu kuma da wuya ya samu: samfurin kafin babbar guguwa. Fayil ɗin da na raina ya zama dukiya. Kuma tun kafin in taka tsibirin na riga na san abin da nake so in gano, wato guguwa ta kwashe laushin yashi ta bar kaurinsa. Labari ne mai ma'ana, mai sauƙin faɗi, an kuma taɓa ganin irinsa a wasu gaɓoɓi.

Da aka ba masu bincike izinin shiga a watan Nuwamba, muka haye da kwalekwale ni da wata abokiyar karatu, wadda aikinta shi ne auna tsayin ƙasa a kan layukan nan nawa. Ban gane wurin ba. Inda na bar tudu mai ciyawa sai na tarar da gefensa a yanke tsaye, saiwoyi na lilo. A wani layin ma babu tudun sam, sai shimfiɗar yashi da ta bi ta cikin kurmi. A gindin yankakkun tuddan akwai zane-zanen yashi ja-ja da baƙi, ma'adinan garnet da magnetite, waɗanda suka fi farin yashi nauyi, shi ya sa ruwa mai ƙarfi ke barin su a baya. Duk alamun da na saba bi sun ɓace. Sai na ji daɗi da na tuna ina da abin da guguwa ba ta iya sharewa, lambobin da ke cikin na'urata.

Na kunna ta, na bi kibiya. Da ta ce na iso wuri na biyu, na durƙusa na ɗiba, na ɗauko jakar da tun a gida na rubuta wa “doro”, na zuba. Yashin a jiƙe yake. Na jira igiya ta koma kafin in sake ɗiba. Wuri na uku kuwa yana cikin ruwa, sai da na jira teku ya janye sannan na kutsa har gwiwa na kamfato abin da hannuna ya samu. Na sa a jakar “gangare”. Sanyi kamar ya cire mini yatsu, amma ina jin kaina gwarzo, mutumin da bai kauce wa lambarsa ko da taku ɗaya ba.

Abokiyar aikina ta ɗago daga na'urarta ta dube ni tsaye cikin kumfa, ta ce, “Wannan da ka kira doro, ai ga doron can bayanka.” Na waiwaya na ga wani ɗan siririn busasshen fili a manne da gindin tudu. Na ce mata ai dole a koma daidai inda aka ɗiba da farko, in ba haka ba me za a kwatanta da me? Na faɗe shi da muryar mai koyarwa. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da aikinta. Ba fanninta ba ne, ni kuma na yi magana kamar wanda ya sani. Da na ɗauki minti biyar na cika jaka guda daga inda ta nuna, da wannan rubutu bai zama dole ba. Akwai jakunkunan da ba a rubuta wa komai ba a cikin kayana. Haka na dawo da su.

A ɗakin gwaji komai ya tafi sumul. Tun kafin in hau lissafi na ga rariyoyin sama suna tara abin da ba su tara ba da bazara. Layi bayan layi, doro ya yi kauri, gangare ya yi kauri sosai har da tsakuwa. Babu layi ɗaya da ya saɓa. Wannan kaɗai ya isa ya tsorata ni, domin gaɓar teku ba ta taɓa ba da amsa iri ɗaya a ko'ina, ni kuwa murna na yi. Na zana jadawali mai kyau, ginshiƙin bazara gefen na bayan guguwa, na gabatar a taron sashenmu. Na ce Sandy ta tace gaɓar Fire Island. Aka yi tambayoyi kan rariya da asid da sikeli, na amsa duka ba gargada. Babu wanda ya tambaye ni inda ƙafata take lokacin da na ɗiba, domin jadawalin ya riga ya ce doro, kuma ba a zargin mutum da rashin sanin inda ya tsaya.

Cikin hunturu malamar da ke duba aikina ta ce in haɗa zane ɗaya da zai nuna wuraren samfur a kan siffar gaɓar, don mai karatu ya gani da ido. Aikin ado na ɗauke shi. Na karɓi awon tsayin ƙasa daga abokiyar aikina, da daddare ni kaɗai a ofis na ɗora layin bazara a kwamfuta: ga tudu, ga doro a miƙe, ga gangare. Na ɗora ɗigo uku, kowanne ya zauna a mazauninsa. Sannan na ɗora layin Nuwamba a kan zanen.

Ɗigon suna nan inda suke, amma ƙasa ta bar su. Sun rataye a iska, sabon layin ya wuce can ƙarƙashinsu. Na fara zaton na rikita ma'aunin tsayi, na duba, lafiya lau. Sai na sauko da ɗigon ɗaya bayan ɗaya zuwa kan sabon layin. Na tudu ya faɗo kan shimfiɗar da ruwa ya share. Na doro ya faɗo tsakiyar gangare. Na gangare ya faɗo can ƙasa, inda raƙuman ruwa ke karyewa suna tara tsakuwa, wurin da ya fi ko'ina kauri a kusan kowace gaɓa, ko da guguwa ko babu. Gaɓar gaba ɗaya ta matsa baya zuwa cikin tsibiri, kowane ɗigo nawa ya sami kansa a matakin da ke gaba da nasa.

Na daɗe ina kallon allon. Jikina ya yi sanyi tun kafin kaina ya gama yarda. Abu na farko da na yi, kuma ina jin kunyarsa fiye da kuskuren, shi ne neman mafita. Na ce wa kaina ai lambobin gaskiya ne, yashin da ke wannan wuri ya yi kauri, ban ƙirƙiri komai ba. Haka ne. Amma ba abin da na tsaya gaban mutane na faɗa ba ke nan. Na ce doro ya canza, na ce guguwa ta tace shi. Don in rufe wa kaina ƙofar gudu sai na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauko sakamakon gangare na bazara, na ajiye shi gefen sakamakon “doro” na Nuwamba. Suka kusa hawa kan juna. Babban abin da na gano ashe bambancin da ke tsakanin doro da gangare ne, wanda ni da hannuna na auna tun watanni kafin a haifi Sandy, na sa a fayil na ce ba shi da armashi.

Na buɗe littafin da nake rubutu a fili. Ga shi da rubutuna, shafin ya ɗan kumbura da ruwa: samfurin doro a jiƙe, na jira igiya ta koma. Doron gaɓa ba ya jiƙewa da kowace igiya, shi ya sa ake kafa lema a kansa. Na rubuta shaidar da ke ƙaryata ni, na rufe littafin, na tafi na tankaɗe. Na tuna ma cewa samfuran Nuwamba sun fi daɗewa a tanda, kuma sai da na ƙara musu wanki saboda gishiri. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idona ya gani, gwiwata ta ji, abokiyar aikina ta faɗa da baki. Na fifita kibiyar na'ura a kan ukun.

Na yi ta juya yadda aka yi na kai nan, domin ba ganganci ba ne. Da ganganci ne da ya fi sauƙin magani. Ƙa'idar da na bi ƙa'ida ce mai kyau: in za ka kwatanta jiya da yau, ka koma wuri ɗaya. A gona, a rijiya, a gindin dutse, lamba ɗaya wuri ɗaya ce. A gaɓar da ke tafiya kuwa akwai wuri iri biyu. Akwai wurin taswira, wanda GPS ke riƙewa. Akwai kuma wurin aiki, wato inda ruwa ko iska ke yin abu iri kaza, shi kuwa yana ƙaura da kowace iska mai ƙarfi. Yashi wurin aiki yake bi. Willard Bascom ya bayyana wannan tun 1951, bayan awon gaɓoɓin yammacin Amurka: tunda girman ƙwaya na canzawa daga mataki zuwa mataki, ya ce a riƙa ɗiba a gangare, a tsakiyar iyakar cikowa da janyewar teku, don a kwatanta iri da irinsa. Wannan takarda tana cikin jerin abin da na ce na karanta. Na karanta ɗin ma. Sai dai na ɗauke ta tsohuwar dabarar mutanen da ba su da tauraron ɗan'adam.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Da sakamakon ya fito akasin abin da nake so, da na tono kowace jaka, na zargi kowane mataki, da tun makon farko na gano. Amma ya fito daidai da burina, sai na tsaya. Duk tsantsenina na zuba shi inda yake da sauƙi kuma ake yabo, wajen goge rariya da duba sikeli. Inda yake da wuya, wato tambayar ko abin da ke cikin jakar shi ne abin da ke rubuce a bayanta, ban kashe masa ko minti ɗaya ba. Kuma da na bincika sosai, ramin ba ɗaya ba ne. Na kwatanta bazara da Nuwamba, alhali ko babu guguwa gaɓa kan tsuke ta canza siffa da shigowar sanyi. Na ɗora wa Sandy komai, alhali iskar 7 ga Nuwamba ta bi ta kan yashin kafin ni.

Washegari na shiga ofishin malamata da zanen a hannu. Na ce, “Farfesa, abin da na gabatar ba daidai ba ne.” Ta duba ɗigon nan masu rataye, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Yaushe ka rubuta sunayen a kan jakunkunan?” Na ce tun a gida, daren da za mu tafi, don in rage aiki cikin sanyi. Ta ce, “To ka sanya wa wuri suna kafin ka gan shi.” Sannan ta ce in koma gaban waɗanda na faɗa wa na farko in faɗa musu na biyu, da zanen nan a babban allo. Na yi. Abokiyar aikina na zaune a layin gaba, kuma a gaban kowa na ce ita ta gaya mini a fili ban saurara ba.

Wani zai ce ai aikin ɗalibi ne, wa ya cutu? A wannan karon babu. Amma irin lambobin nan su ake amfani da su in za a cike gaɓar da ta zaizaye. Bayan Sandy injiniyoyin sojan Amurka sun yaso yashi daga ƙarƙashin teku sun sake gina tuddai da gaɓa a Fire Island, aikin miliyoyin daloli. Kafin irin wannan aiki ana kwatanta yashin da za a kawo da yashin asalin wurin. In wanda aka kawo ya fi laushi, ruwa zai kwashe shi da wuri, don haka sai an ƙara yawa. In ya fi kauri, gangaren zai ƙara tsayuwa, raƙuman ruwa su riƙa karyewa dab da masu wanka, halittun da ke rayuwa cikin yashin ma su ji a jikinsu. Lambar asalin kuwa daga hannun wani take fitowa, wanda ya durƙusa wata rana da jaka a hannu. Ba na cewa tawa za ta kai can. Ina cewa ta fito da kyan gani iri ɗaya da na gaskiya, har da lambobi biyu bayan ɗigo, kuma babu injiniyan da zai iya gane lahaninta daga kan takarda.

Abin da ya rage na tsinta. Samfuran Nuwamba da suka faɗo kan gangare na sake musu suna, na kwatanta su da na gangaren bazara. Bambancin ƙarami ne, wani layin ya ɗan yi kauri, wani ya ɗan yi laushi, bai isa a ɗora masa wata magana ba. Da na koma tsibirin a bazarar 2013 na tafi da jakunkuna farare. Sai an auna tsayin ƙasa na ga siffar layin, sannan in zaɓi inda zan ɗiba, in ɗauki hoto, in rubuta ko a jiƙe yake ko a bushe, lambar GPS kuma ta zo daga ƙarshe. A lokacin teku ya riga ya fara mayar da yashi, sabon doro ya gine a kan wanda abokiyar aikina ta nuna mini, iska da ruwa sun cakuɗa shi. Babin da na yi niyyar rubutawa kan abin da Sandy ta yi wa doron gaɓar Fire Island na cire shi daga kundin, domin ba ni da samfurinsa ko ɗaya.